Ranar da Mai Dabo Ya Ɗauki Takobi

Akwai wani yaro ɗan aji biyu a wata ƙaramar sakandare a Birnin Kudu. Sunansa dai a bar shi, don har yau idan aka tayar da zancen nan sai ya sunkuyar da kai. Mu ce da shi yaron nan.

Iyayensa suna Kiyako. Suna noma, suna kiwo. Shi kuwa yana zaune a gidan kawunsa a cikin gari saboda karatu. Ran Juma'a da yamma yake komawa gida. Asabar da Lahadi yana bin shanu da sandarsa. Kakarsa ta ce da sanda a hannu aka haife shi, amma ita kaɗai ta ga wannan.

A makarantar akwai ɗakin kwamfuta. Kwamfuta tara ce a ciki, uku ke aiki. Malam Hambali ne mai kula da su, kuma yana lallaɓa su kamar jarirai.

Malam ya kafa doka. Duk wanda ya gama aikin koyon rubutu da kwamfuta, zai bar shi ya yi wasa ran Litinin da Alhamis bayan an tashi. Tun daga ranar, yaran da ba su san inda harafi ɗaya yake ba suka zama gwanaye.

Sunan wasan dogo ne, da Turanci. Yara suka gajarta shi, suka ce Kogo. Mutum uku ke yi tare, su shiga kogo su yaƙi dodanni. Kowa da mutumin da yake sarrafawa, kowa da makaminsa.

Khairiyya ce shugaba. Ita ke sarrafa Jarumi mai garkuwa, wanda ke tsayawa a gaba. Hadi ke sarrafa Maharbi mai baka. Yaron nan kuwa shi ke sarrafa Mai Dabo.

Mai Dabo wani tsoho ne siriri, mai doguwar riga da hula mai tsini. Ko tulu ba zai iya ɗagawa ba. Amma idan ya tsaya daga nesa ya nuna sandarsa, sai wuta ta fita ta ƙone dodanni goma. A ƙasan allon akwai wani layi shuɗi, shi ne ƙarfin dabonsa. Sandar ce ke cika layin. In babu sanda babu layi, in babu layi babu wuta.

Tun ranar farko Malam ya ce musu, "Duk wannan zane ne da tatsuniya. Abin da nake so ku koya shi ne tunani da haɗa kai."

Sandar nan ba a banza aka same ta ba. Sati biyar suka yi suna fama da wani kunkuru mai girman motar haya da kayanta. Da suka kashe shi, wasan ya ce su zaɓi kyauta ɗaya tak. Ga garkuwar zinariya, ga baka mai kibiya uku, ga sanda. Khairiyya ta kalli garkuwar har sau uku, ta haɗiye yawu.

"A ɗauki sandar," in ji ta. "Idan Mai Dabo ya yi ƙarfi, mu duka mun yi ƙarfi."

Hadi ya yi guna-guni, amma ya yarda.

Wata Litinin sai Malam ya shigo yana murmushi.

"Na yi magana da wani abokina malami a Gwaram," in ji shi. "Su ma suna yin Kogo. Mun shirya gasa. Ba Asabar mai zuwa ba, ta samanta. Ku ukun nan za ku je. Haladu zai zauna cikin shiri, ko wani zai kasa."

Haladu wani ɗan ajinsu ne da ya daɗe yana son kujerar yaron nan. Kullum yana tsaye a bayansa, yana numfashi a wuyansa.

Yaron nan bai taɓa zuwa gasa ba. Bai ma taɓa zuwa Gwaram ba. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ana cikin murna, sai Hadi ya leƙo allonsa.

"Kai dai ka huta," in ji shi. "A gida sanda, a kwamfuta sanda. Don Allah a zuba masa shanu a cikin kogon, ya ji daɗi!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya yi kukan saniya. Malam ya fita amsa waya, bai ji ba.

Yaron nan ya yi dariya shi ma, amma ta fatar baki. Maganar ta bi shi har gidan kawu. Ta ci tuwo tare da shi. Da safe ta raka shi makaranta.

Ran Alhamis ya riga kowa shiga ɗakin kwamfuta. Ya kai Mai Dabo wajen maƙerin cikin wasan, inda ake musayar makamai. A jikin bango ga wani takobi. Ya fi Mai Dabo tsawo. Faɗinsa ya kai ƙyauren shago. Yana walƙiya kamar sabon kwano.

"Wannan shi ne makami," in ji yaron a ransa. "Bari mu ga wanda zai sake yi mini kukan saniya."

Ya miƙa sandar. Kwamfuta ta tambaye shi, "Ka tabbata?" Ya danna. Ta sake tambaya, har da jan rubutu. Ya sake dannawa. Kwamfuta dai ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Sauran suka iso. Malam ya ja kujera ya zauna.

"Yau gwaji ne," in ji shi. "Ku yi kamar kuna Gwaram."

Aka fara. Jarumi ya shiga kogo. Maharbi ya bi shi. Suka waiga, babu Mai Dabo.

"Kana ina?" in ji Khairiyya.

"Ga ni nan zuwa."

Can sai ga tsoho ya ɓullo. Yana jan takobi a ƙasa kamar mai jan garma. Taku uku sai ya tsaya ya huta. Inda duk ya bi sai ya bar kunya guda, ta isa a shuka masara.

"Mene ne wannan?" in ji Hadi.

Kafin a amsa, dodanni suka fito, sun fi ashirin.

"Wuta! Sako wuta!" Khairiyya ta yi ihu.

Yaron ya danna maɓallin wuta. Shiru. Ya duba layin shuɗi, babu ko ɗigo. Ya ce to, ai ga takobi. Ya tura tsohon gaba, ya wuce Jarumi, ya wuce garkuwa. Ya danna sara.

Mai Dabo ya fara ɗaga takobin. Yana ɗagawa, yana ɗagawa. Da mutum ya so, da ya je ya sha ruwa ya dawo. Kafin takobin ya kai kafaɗa, wani ɗan kwaɗo, mafi ƙanƙanta a duk kogon, ya yi tsalle ya bangaje shi. Tsoho ya faɗi. Takobi ya faɗo a kansa. Hula ta gangara gefe.

Ba a yi minti ɗaya ba dodanni suka gama da sauran biyun.

Ɗaki ya yi tsit. Haladu ne kawai ya yi wani ɗan tari mai kama da murna.

"Ina sandarmu?" in ji Khairiyya.

"Ni ma haka na tarar," in ji yaron. "Wataƙila kwamfutar ce ta rikice."

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kwamfutar ce ta tafi wajen maƙeri da ƙafarta?"

"Wataƙila, Malam."

Idon Khairiyya ya ciko. "Sati biyar," in ji ta. "Na bar garkuwata saboda sandar nan."

Malam bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗan, da ya fi sauƙi.

"Haladu, ka fara shiri," in ji shi. Sannan ya dubi yaron. "Kai kuma ka je gida. Ran Litinin ina son jin abin da ya faru. In kwamfutar ce, sai a tafi Gwaram ba da kai ba, don ba na tafiya da wanda kwamfuta ke yi wa wasa da hankali."

Ran Juma'a ya hau acaɓa zuwa Kiyako. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Shi bai ga ko ɗaya ba.

Za a ce ai yanzu ya yi hankali. Ina! Har yanzu gani yake takobin ba shi da laifi, tsohon ne rago.

Ran Asabar da safe Baba Iliyasu, mahaifinsa, ya ce, "Zan je gona. Ka kai shanu fadama. Ka bi da su ta burtali, ka kula da geron mutane. Ka sa ido a kan Kyalla."

Kyalla ita ce uwar garken. Saniya ce mai farin goshi da taurin kai. Inda ta sa ƙafa, nan saura ke bi.

Yaron ya je ɗaukar sandarsa a bakin zaure. Ya miƙa hannu, sai ya ji kukan saniyar nan na ɗakin kwamfuta a kunnensa. Ya janye hannun. A gefe ga addar Baba, sabon wasawa. Ya ɗauke ta, ya saɓa a kafaɗa, ya kora shanu.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ya sari iska. Ya sari wata ciyawa da ba ta yi masa komai ba. Ya ji shi wani babban jarumi.

Suka iso inda burtali ya matse. Dama gero, hagu gero. Kyalla ta tsaya. Ta kalli geron. Ta kalli yaron. Ta kalli hannunsa. An ce dabba ba ta dariya, amma waɗanda suka san Kyalla ba su yarda ba.

Ta karkata dama. Shanu ashirin da huɗu suka karkata tare da ita.

"Kyalla! Ke! Dawo!"

Ya sheƙa da gudu ya sha gabanta. Ya ɗaga adda. Nan ya tsaya. In ya taɓa ta, ya yanki saniyar babansa. In bai taɓa ta ba, ta shiga gonar mutane. Ya juya addar ta ƙota, sai kaifin ya koma wajen cikinsa. Ƙotar kuma ba ta fi taƙi ɗaya ba, ba ta kai ko hancin Kyalla. Ya kaɗa addar a sama, hasken ƙarfen ya firgita maruƙa, suka watse ta hagu.

Yanzu shanu sun kasu biyu. Shi kuma mutum ɗaya ne. Ya san abin da ke biyo bayan ɓarnar gona. Za a tara dattawa. Za a kira Baba a gaban mai unguwa. Maƙwabtakar shekara da shekaru za ta yi tsami.

Sai ya ji wata murya daga baya.

"Hooo! Kyalla! Kayya!"

Dada ce, kakarsa. Tana tafe da ƙwaryar nono a ka, za ta cikin gari. A hannunta kuwa ga sandarsa.

Ba ta yi gudu ba. Ba ta ma sauke ƙwaryar ba. Ta tsaya can nesa, ta ɗaga sandar sama. Kyalla ta daskare, bakinta saura ɗan yatsa ya kai ganyen gero. Dada ta buga sandar a ƙasa sau biyu. Kyalla ta ja da baya. Dada ta matso a hankali, ta miƙa sandar ta ɗan taɓa mata ƙaho. Saniya ta juya ta hau burtali kamar ba ita ba. Dada ta nuna hagu da sandar, ta yi fito. Maruƙa suka dawo a guje.

Ko ganye ɗaya ba a ci ba.

Yaron ya zauna daɓas a ƙasa. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa kaɗa geron.

"Sannu, maigida," in ji Dada. Haka take kiransa don tsokana. "Yaƙi aka yi ban ji ba? Ko yau mahauci ka zama?"

"Dada, don Allah."

"Na ga sanda a zaure, na ga babu adda. Na ce yau mijina ya haukace, bari in bi sawu."

Ya ba ta labarin duka. Da na Hadi, da na takobi, da na kwaɗo. Dada ba ta san kwamfuta ba, amma da aka zo wajen kwaɗo sai da ta riƙe ƙwarya da hannu biyu don dariya.

"To shi tsohon naku, aikinsa mene ne?" ta tambaya.

"Ya tsaya a baya ya sako wuta."

"Da me?"

"Da sanda."

"Kai kuma ka ƙwace ta, ka ba shi abin da ba zai iya ɗagawa ba, ka tura shi gaba."

"Haka ne."

"Allah sarki tsoho. Da ni ce da na kai ƙararka." Ta miƙa masa sandar. "Ka ga na doki saniya yau?"

"A'a."

"Ni ƙarfin me gare ni? Kyalla in ta yi atishawa sai na faɗi. Amma da wannan ina juya shanu sama da ashirin daga nesa. Adda aikinta daban. Ka kai ta sassabe ka ga yadda za ta yi. Karɓi abinka."

Ya karɓa. Ita kuma ta ɗauki addar, ta ci gaba da tafiya. Mutanen da suka haɗu da ita a hanya ranar sun sayi nono ba tare da sun yi ciniki ba.

Da yamma bai jira Dada ta faɗa ba. Shi ya je ya sami Baba Iliyasu yana wanke ƙafa, ya durƙusa ya faɗa masa.

Baba ya ajiye buta, ya dube shi.

"Kunyar sandar kake ji?" ya tambaya.

"Da ina ji, Baba."

"Kayan makarantar da ke jikinka, sandar nan ce ta ɗinka su. Wanda ya yi maka dariya, da me yake shan fura?"

"Da nono."

"To. Ka je ka gaya wa malaminka gaskiya. Ko an tafi da kai, ko ba a tafi ba."

Ran Litinin ya shiga ɗakin kwamfuta. Malam yana nan, da Khairiyya, da Hadi. Haladu har ya zauna a kujerarsa, yana gwada ta.

"Malam, ba kwamfutar ba ce," in ji yaron. "Ni ne. Sau biyu ta tambaye ni, na danna. Kuma na yi ƙarya. Khairiyya, Hadi, ku yafe mini. Sandar ta mu uku ce, ban tambaye ku ba."

"Me ya kai ka?" in ji Malam.

Khairiyya ce ta amsa.

"Hadi ne ya ce a zuba masa shanu a kogo, Malam. Aka yi masa kukan saniya."

Malam ya juya a hankali. "Haka aka yi, Hadi?"

"Wasa nake yi, Malam."

"Shi ya yi dariya har zuci?"

Hadi ya kalli takalminsa. "A'a. Ka yi haƙuri, abokina."

"Madalla," in ji Malam. "Yanzu ku matso. Tun ran Juma'a na karanta dokokin wasan nan. Maƙerin ba ya narka abin da aka ba shi sai bayan kwana bakwai."

Yaron ya ɗago kai da sauri.

"Kada ka yi murna tukuna. Sai an mayar masa da takobinsa, sannan a kawo masa garwashi uku daga ramin kunamu. Mai Dabo ne zai ɗauko, hannu wofi, ba makami. Shi kaɗai ba zai yi taku biyar ba. Sai in waɗannan biyun sun yarda su kare shi. In sanda ta dawo kafin ƙarfe biyu na ran Alhamis, kujerarka ce. In ba ta dawo ba, Haladu zai je a madadinka, da wani mutumin wasan daban."

Yaron ya dubi Khairiyya. Ta bar shi ya jira har sai da ya ji zufa a bayansa.

"Zauna," in ji ta. "Amma in ka sake wuce garkuwata, ni da kaina zan miƙa ka ga kunamun."

Ranar suka samo garwashi ɗaya. Aiki ne mai wuya. Tsoho yana tafe a baya, rungume da garwashi. Jarumi yana gaba, Maharbi yana gefe. Sau biyu Hadi ya tare kunama da jikin Maharbinsa don kada ta kai ga tsohon.

Malam ya ce zai bar su su shigo kullum a lokacin tara. Ran Talata suka samo na biyu.

Ran Laraba da asuba aka yi ruwa da iska. Wuta ta ɗauke. Hadari ya rufe sama, solar makaranta ta ƙi ɗaukar ko fanka. Yaron ya yini yana leƙen taga. Bai taɓa sanin yana son rana haka ba.

Ran Alhamis ma gari ya waye a lumshe. Lokacin tara ya wuce, babu wuta. Ƙarfe goma sha biyu, babu. Haladu ya fara tambayar ko a Gwaram ana ba baƙi shinkafa.

Ƙarfe ɗaya da kwata rana ta leƙo. Ɗaya da rabi kwamfutoci suka kama. Sai da suka yi minti biyar suna miƙa kafin su buɗe.

"Ku natsu," in ji Malam. Shi kansa bai natsu ba, sai duba agogo yake yi.

Suka shiga ramin. Garwashin ƙarshe yana can ƙurya. Yaron ya ɗauko. A hanyar fita kunamu suka taso ta ko'ina. Ga ƙofa a buɗe, kusa. Yatsansa ya yi ƙaiƙayin ya ruga. Ya danne shi da ɗaya hannun. Ya tsaya a bayan garkuwa. Taku ɗaya, a tsaya. Taku ɗaya, a tsaya.

Saura minti huɗu suka isa wajen maƙeri. Har maƙerin ya hura wutar narka sandar. Yaron ya miƙa takobi da garwashi. Maƙeri ya juya, ya shafa gemu, ya ɗauko sandar ya ba shi.

Layin shuɗi ya cika taf.

Khairiyya ta kifa kai a kan tebur. Hadi ya yi ihu har mai gadi ya leƙo. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi," ya zauna a wata kujera da ba ta da ƙafa ɗaya, sai da aka ɗaga shi.

Yaron kuwa ya jingina da kujerarsa. Ji ya yi kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

"Kujerarka ce," in ji Malam yana kakkaɓe riga. Ya dubi Haladu, wanda fuskarsa ta yi tsawo. "Kai ma za ka je. Akwai wuri a mota. Gasa ta gaba da kai za a yi."

"Da shinkafar, Malam?"

"Da shinkafar."

Ran Asabar suka shiga mota zuwa Gwaram. 'Yan can sun iya wasa, ba ƙarya. Zagayen farko su suka ci. Na biyu 'yan Birnin Kudu suka rama. A na uku dodanni suka yi wa Jarumi da Maharbi zobe. Tsoho yana can baya, inda babu mai kula da shi.

"Yanzu!" in ji Khairiyya.

Yaron ya nuna sanda. Wuta ta cika allon, har Haladu ya rantse ya ji zafinta a fuska. Da hayaƙi ya washe, babu dodo ko ɗaya. Sun riga 'yan Gwaram fita daga kogon da daƙiƙa shida.

Bayan an ci abinci, malamin Gwaram ya kira yaron gaban kowa.

"Ni abin da ya burge ni," in ji shi, "ko sau ɗaya ba ka matsa gaba ba. Nawa Mai Dabon kullum yana roƙona in bar shi ya ɗauki gatari. Wa ya koya maka?"

"Kakata, Malam."

"Kakarka tana yin Kogo?"

"A'a, nono take sayarwa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, wannan karon har cikinsa.

"To gaya musu abin da ta koya maka," in ji Malam Hambali.

Yaron ya miƙe tsaye sosai.

"Mutum ya zaɓi kayan aikin da ya dace da aikinsa, ba wanda zai burge mutane ba," in ji shi. "Kada ka yar da abin da ka iya don an yi maka dariya. Abin da kuka haɗu kuka samu, kada ka taɓa shi sai ka tambayi 'yan'uwanka. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa."

Aka tafa masa. Wani yaro ɗan Gwaram bai tafa ba da farko. Shi ne mai son gatari. Da za su shiga mota sai ya biyo yaron nan, ya ja shi gefe.

"Tsakani da Allah," ya ce a hankali, "ko ƙaramin gatari ma ba zai yi ba?"

"Ba zai yi ba," in ji yaron nan. "Zo in ba ka labarin wani kwaɗo."

Sai da direba ya yi oda sau uku kafin su gama.